DARASI: Tufafin Zuwa Ganawa da Masu Binciken Aikin Gona

Darasinmu na wannan wata ya shafi samarinmu da 'yan matanmu masu neman aiki wurin masu bincike.

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, a 1962 kuwa cibiyar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can ne irin gyaɗa SAMNUT da irin wake SAMPEA suka fito. Akwai kuma IITA da ICRISAT masu ofis a Kano. Sabon iri ba ya isa hannun manomi sai an gwada shi a ƙauye. Domin haka masu bincike kan nemi ɗan gari wanda ya iya rubutu da lissafi, ya auna gonar gwaji, ya auna amfani lokacin kaka, ya kuma yi wa manoma tambayoyi.

Sau da yawa ba a kiran mutum ofis. Sai a ce, "Zo mu ɗan yi hira," a ƙofar gidan mai gari ko a bakin gona. Kada mu ruɗu. Wannan hira ita ce jarrabawar. Tambayoyi biyu ne a zuciyar mai bincike: ko wannan zai iya shiga gona? Ko manoma za su saki jiki da shi? Tufafinmu ne za su fara ba shi amsa.

1. Namiji ya sa jamfa da wando da hula, wankakku, a goge. Ya bar babbar riga a gida, gama ana iya cewa a zaga gona nan take, kara ya kama ta.

2. Mace ta sa riga da zane, da ɗankwali da mayafi. Da wannan shiga za ta shiga kowane gida ta yi magana da matan aure, inda namiji ba ya shiga.

3. A sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da ƙaya. Silifas na wanka ne.

4. A guji farin yadi, gama ƙura ba ta barinsa.

5. Kada a sa kwat da nakatayi. Manomi ya ga haka sai ya zaci mai haraji ne, ya ɓoye yawan damman geronsa. In lissafi ya ɓaci, bincike ya ɓaci.

6. Kada a sa riga ko hula mai alamar jam'iyya. Mai aikin bincike na kowa ne.

7. A riƙe alƙalami da littafin rubutu, a sa takardun shaidar makaranta cikin leda saboda ruwa.

Ba sai mun ci bashi ko mun ari kaya ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Sabulu da dutsen guga sun isa.

Tambayoyi don taron ƙungiya:

a) Don me babbar riga ba ta dace da wannan ganawa ba?

b) Su wane ne cikin 'ya'yanmu suka iya awo da lissafi, mu soma shirya su kafin damina?