Haɗarin Lantarki da Gas a Gidajen Haya: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu na ƙasashen Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. Abin nufi shi ne su san inda haɗari yake ɓoyewa a gidan haya, da wanda gyara ya rataya a wuyansa, da abin da hakimi zai iya yi tun gobara ba ta tashi ba.

1. Asalin al'amarin

A dā haya ba ta yawaita a waɗannan garuruwa ba, gama baƙo mai masauki yake nema. Aikin madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Maradun, wanda aka gama a 1978, ya jawo ma'aikata masu yawa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ma'aikatan gwamnati suka ƙaru. Ga kuma ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da na kwalejin aikin gona a Bakura. Daga baya sai ga mutanen ƙauyuka waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suna neman ko da ɗaki guda a cikin gari.

Saboda haka gidan da aka gina domin iyali ɗaya sai a yayyanka shi ɗaki ɗaki, amma wayar wutarsa tana nan yadda aka sa ta tun farko. Sau da yawa mai gidan yana Gusau ko Sakkwato, wakili ne yake karɓar masa kuɗi. Ɗan haya ba ya son kashe kuɗi a gidan da ba nasa ba, mai gida kuwa ba ya kwana a ciki. Ta haka gyara yake rasa mai shi.

2. Wutar lantarki

Wutar da take shiga gidaje ƙarfinta bolt 230 ne, ta isa ta kashe babban mutum. Kowace waya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka gwargwadon kaurinta. Bisa al'adar aiki, mai milimita 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai 2.5 kuwa ta soket. In aka ɗora dutsen guga da hitar ruwa da firji a kan siririyar waya, sai ta yi zafi, robarta ta narke, wuta ta kama cikin silin inda ido ba ya gani.

Fiyus shi ne mai gadin waya, watau an yi shi ne domin ya tsinke kafin waya ta ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa ko kakkauran jan ƙarfe ya sallami mai gadi ke nan. Haka nan wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a jikin sandan ƙarfe a binne, ita take kwashe wutar da ta zurare zuwa jikin firji ko injin ruwa. In babu ta, jikin wanda ya taɓa shi ne hanyar. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake sawa a akwatin wuta, wadda take yanke wuta nan take da zarar zurarar ta kai miliamfiya 30, kuma kuɗinta bai kai na rufin ɗaki guda ba.

Alamun da za a lura da su su ne soket da ya yi baƙi, warin ƙonanniyar roba, bango ko ƙyauren ƙarfe mai fizgar hannu da damina, da haɗin waya da aka naɗe da leda. In an ɗauke wuta, lalle a kashe kayan zafi duka, gama ta kan dawo tsakar dare mutane na barci.

3. Tukunyar gas

Tsadar kananzir da ƙarancin itace sun sa tukwanen gas masu kilo 3 da 6 da 12.5 sun shiga gidaje. Wannan gas ya fi iska nauyi. In ya zurare ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda yara suke shimfiɗa tabarma. In ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tashe shi. Warin da ake ji kuwa da gangan aka zuba masa, domin ya zama gargaɗi.

Tukunya da tiyo da regileta na ɗan haya ne, shi zai kula da su. Ya gwada mahaɗa da ruwan sabulu, in ya ga kumfa akwai yoyo, kada ya gwada da ashana. Ya guji tukunya mai tsatsa ko lotsawa, ya ajiye ta tsaye nesa da murhu. Amma wurin girki na mai gida ne. Wanda ya mai da madafa ɗakin haya, ya tilasta wa mata girki a ɗakin kwana marar taga, shi ya fara kiran haɗarin.

In an ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fita da yara, kada a taɓa makunni ko ɗaya.

Wasu masu gidaje sukan ba da shagon ƙofar gida haya ga mai ɗura gas. Ranar 4 ga Janairu 2020 irin wannan shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna, ya hallaka mutane, har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya. Wurin ɗura gas sai da lasin na hukumar NMDPRA, kuma bai dace da jikin ɗakin kwana ba.

4. Janareta da gawayi

Hayaƙin janareta da na kaskon gawayi suna ɗauke da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Farkonta ciwon kai da jiri, ƙarshenta barcin da ba a tashi. Tsoron ɓarayi ya kan sa a kunna janareta a zaure ko a lungun ɗakuna, sanyin hunturu kuma ya sa a kwana da kasko ƙofa a rufe. Wajibi ne mai gida ya tanadi wurin janareta a sarari, nesa da tagogi.

5. Wa ke da alhakin gyara?

A Ingila doka ta 1998 ta wajabta wa mai gidan haya ya sa ƙwararre ya duba kayan gas kowace shekara, ta 2020 kuma ta wajabta duba wayoyi bayan kowace shekara 5. A Nijeriya hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita take duba aikin lantarki ta ba da shaida. Kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a Zamfara, iyakarsa mita. Daga mita zuwa ciki sha'anin mai gida ne.

Ga wani abu da ya kamata malamai su riƙe. Mashhurin magana a mazhabar Malikiyya shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai in lalacewar ta cutar da mazauni yana da zaɓin warware haya ya tashi. To, wanda ya gudo daga ƙauye da iyalinsa, ya biya kuɗin shekara, ina za shi? Wannan zaɓi ba ya yi masa amfani sosai. Amma malaman mazhabar sun halatta a yi sharaɗi tun farko cewa za a yi gyara daga cikin kuɗin haya. Saboda haka maganin yana cikin takardar haya, takarda kuwa aikin malamin hakimi ce.

6. Aikin hakimi da malaminsa

(a) Dagatai da masu unguwa su kawo lissafin gidajen haya, da sunan mai gida, da na wakilinsa, da yawan ɗakuna.

(b) Kafin sabon ɗan haya ya tare, mai gyaran wuta sananne ya duba gidan a gaban mai unguwa, a rubuta abin da ya gani.

(c) A rubuta cikin takardar haya cewa waya da fiyus da wayar ƙasa da madafa na wuyan mai gida, kuma in an sanar da shi bai gyara ba cikin kwanakin da aka yanka, ɗan haya ya gyara a cire daga haya.

(d) In ƙara ta zo, malami ya shigar da ita a littafi da kwanan wata. Hakimi ya kira mai gida ya yi masa magana a asirce tukuna, gama yawancin mutane sun fi gudun kunya da asarar kuɗi.

(e) In ya ƙi, a rubuta wa Sarki da ƙaramar hukuma, a nuna wa ɗan haya hanyar kotu. Ba aikin hakimi ba ne ya ci tara ko ya yanke wuta da kansa.

(f) Hakimi ya tsaya kada a kori ɗan haya domin ya kai ƙara, in ba haka ba sauran za su yi shiru har abin ya auku.

Dubawar ta fi kyau sau biyu a shekara: kafin faɗuwar damina saboda yoyon rufi a kan waya, da farkon hunturu saboda iska da bushewa. Hakimin da gidansa na haya ya zama na farkon dubawa, ba zai sha wahalar sauran masu gidaje ba.

Tambayoyi

1. Don me bai halatta a sa ƙusa a madadin fiyus ba?
2. Ina gas yake taruwa in ya zurare, kuma su wa ya fi yi wa haɗari?
3. Wane sharaɗi ne malami zai tabbatar ya shiga takardar haya?
4. Gidajen haya nawa ne a gundumar, kuma nawa aka duba bana?