Kuɗin da Aka Biya Kafin Fure Ya Buɗe

'Ya'yana masu lambu a Vom da Kuru da Lamingo, na ji wasunku sun fara sayar da furanni ta waya: mai saye ya biya kuɗin wata ɗaya ko uku tun da farko, ku kuma ku riƙa aika masa ɗauri kowane mako. Wallahi abin ya faranta mini rai. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin nan da ke sa dankalin Turawa da kabeji su yi kyau shi ne wardi yake so. Ramukan kuza da aka bari sun zama tafkuna, ga ruwan ban ruwa har cikin rani. Da irin wannan sanyi Kenya ta kafa babbar sana'a a bakin tafkin Naivasha, furanninta suna hawa jirgi zuwa kasuwar Aalsmeer ta ƙasar Holan. Mu Abuja ce a ƙofarmu, tafiyar 'yan sa'o'i ta Akwanga da Keffi.

Abu ɗaya nake so ku riƙe. Ran da kuɗin wata uku suka shigo asusunku, ba riba kuka samu ba, bashi kuka ci. A kasuwar Farin Gada mutum yana sayar da abin da ya ɗauko ne, a gani a taya a sallama. Ku kuwa kun sayar da abin da bai ko tsiro ba. Malamanmu sun san wannan ciniki tun da daɗewa, shi ne salam, kuma sharaɗinsa a bayyana iri da yawa da lokaci. To ku rubuta wa mai saye a WhatsApp: kara nawa ne a ɗauri, wace rana za a kai, wa zai biya kuɗin mota, me za a sa a madadi idan wardi ya yanke. Kuɗin kuma ku raba su mako-mako, kada ku taɓa na makon da ba ku cika ba. Na sha ganin yaro mai hankali ya sayi babur da kuɗin mutane, ranar sayen taki ta zo aljihu wayam.

Kada ku karɓi mutane gwargwadon abin da lambu ke bayarwa a makonsa mafi albarka. Ku auna da mafi muni. Kun san Filato: ƙanƙara kan sauko da damina ta kakkarya gona cikin minti kaɗan, ruwan Yuli da Agusta kan kawo cutar ganye, hunturu kuma ya sa toho ya yi nawa. Idan lambunka yana iya ɗauri ashirin, ka yi alkawarin goma sha biyu, ragowar ka sayar a hannu. Shuka ma kada a yi ta rana ɗaya. A raba fangali, a riƙa shuka sabo duk bayan mako biyu, don kada komai ya buɗe tare sannan a zauna wata guda babu abin yanka.

Ranar 14 ga Fabrairu kowa yana neman wardi, amma yini ɗaya ce. Wanda zai riƙe ku shi ne otal ɗin da ke canja furen teburinsa kowane mako, da majami'ar da ke ƙawata bagadi kowace Lahadi, da ofishi, da uwargidan da ke son falonta ya yi ƙamshi. Irin waɗannan ba arha suke nema ba, cika alkawari suke nema.

Ku yi yanka da asuba kafin rana ta ɗaga, tun furen bai gama buɗewa ba, ku tsoma shi nan take cikin bokiti mai tsabta, ku zage ganyen ƙasa. Ku samu direba ɗaya amintacce a tasha wanda ba zai ɗora buhun dankali a kan kwalinku ba. Hoton da za ku sa a Instagram kuma ya zama na gonarku, na wannan makon.

Idan duk da haka mako ya zo babu fure, kada ku kashe waya. Ku riga mai saye kira, ku faɗa masa abin da ya faru, ku bar masa zaɓi: a mayar masa da kuɗin makon, ko a ƙara masa mako ɗaya a ƙarshen wa'adinsa. Allah ya sa wa gonakinku albarka.