Ciwon Ƙafa: Na Jiyya a Gida da Na Zuwa Asibiti

Duk wanda yake makarantar nan a zango na biyu na bara ya san yaron nan da ya yi mako shida yana dogara sanda daga ɗakin kwana zuwa aji, ƙafarsa ta dama a naɗe fari fat, har wasu suka laƙaba masa suna Sarkin Guragu. To, ni ne. Saboda haka da Malamin Hausa ya ce kowa ya rubuto abin da zai amfani jama'a, sai na ga ba abin da ya fi cancanta in yi magana a kai kamar ƙafa, domin jiki magayi.

Ga yadda abin ya faru. Ran wata Alhamis da la'asar muna atisayen ƙwallo, saura mako biyu a yi wasan ƙarshe na gasar gidaje. Na yi tsalle zan sa wa ƙwallo kai, da na sauko sai ƙafata ta faɗa wani ɗan rami da ciyawa ta rufe. Ta lanƙwashe ta ciki, nauyina duka ya sauka a gefenta na waje, na ji wani abu ya ce ƙas. Nan da nan abokaina suka kewaye ni, kowa ya zama likita. Wani ya ce, "Targaɗe ne, kawo a ja maka." Biyu suka danne ni, na uku ya kama ƙafar ya yi ta ja har na ga taurari da rana. Da dare aka samo ruwan zafi aka gasa mini, aka murje ta da man zafi. Da na miƙe na ɗan taka, sai suka ce, "Ka gani? Tun da kana iya takawa ai ba karaya ba ce."

Kwana huɗu na yi ina ɓoye ciwon, don na san in Malamin Wasanni ya ji zai cire sunana daga cikin 'yan wasa. A rana ta biyar ƙafa ta yi suntum, gefenta ya yi baƙi, takalmi ya ƙi shiga. Malamin da ke kula da gidanmu ya hango ni ina ɗingishi a wurin taron safe, ya ce, "Kai, zo nan. Me ya sami ƙafarka?" Daga nan sai ɗakin shan magani na makaranta, daga can kuwa aka ba ni takarda zuwa babban asibitin gari.

Likita bai fara da ɗaukar hoto ba. Da yatsa ya fara. Ya danna bayan tudun idon sawu na waje, ya danna na ciki, na ce da sauƙi. Sa'an nan ya gangaro gefen ƙafar na waje, wajen tsakiya, inda akwai wani ɗan tudun ƙashi. Yana dannawa na ƙwalla ihu. Ya ce, "Samari, wa ya ja maka ƙafar nan?" Na ce, "Abokaina ne, ranka ya daɗe." Ya girgiza kai, ya tura ni ɗakin hoto. Hoto ya nuna dogon ƙashin nan da ke tafiya zuwa ƙaramin yatsa ya tsage daga gindinsa. Ya ce Allah ya taimake ni bai goce ba. Aka naɗe ƙafar da filastar nan mai sandarewa kamar siminti. Wasan ƙarshe dai a kan benci na kalle shi.

Zaman da na yi ya sa na shiga bincike, ina tambayar Malamin Ilmin Halittu, ina kuma duba littattafan laburare. Ashe ƙafar nan da muka raina, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33. Ƙafa biyu ƙashi 52 ke nan, watau kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Waɗannan ƙasusuwa an ɗaure su da juna da wasu jijiyoyi masu ƙarfi kamar igiya. Idan ƙafa ta gurɗe, igiyoyin suka miƙe fiye da kima ko suka ɗan yage, shi ne targaɗe, kuma galibi na gefen waje ne suke shan wahala. Idan kuwa ƙashin ne da kansa ya tsage ko ya rabu, ita ce karaya. Dukansu suna kawo kumburi da zafi da taruwar jini, shi ya sa ido kawai ba ya bambanta su.

To, yaya mutum zai gane? A shekarar 1992 wasu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fito da wata 'yar ƙa'ida da ke nuna wanda ya kamata a ɗauki hoton ƙafarsa, kuma ana aiki da ita a asibitoci da yawa na duniya. Ita ce likitan nan ya yi mini da yatsa. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu, ko da ɗingishi ne, tun lokacin da ya ji ciwon har ya zo gaban likita, to, a ɗauki hoto. Idan kuma yana takawa, amma an danna ƙashin bayan tudun idon sawu, na ciki ko na waje, ya ji zafi, ko ɗan tudun nan na gefen ƙafa irin nawa, ko wani ƙashi da ke sama da kwarin tafin ƙafa ta ciki, nan ma a ɗauki hoto. Kun ga ke nan maganar abokaina rabin gaskiya ce. Kasa takawa alama ce ta karaya, amma iya takawa ba shaida ce ta cewa ƙashi lafiya yake ba. Ƙafar da ta karkace kuwa, ko ta yi sanyi, ko mutum ya daina jin yatsunsa, ko ƙashi ya huda fata, wannan ba ta jiran ƙa'ida, sai asibiti nan take.

Idan an tabbata targaɗe ne, jiyyarsa ba ta da wuya. A huta wa ƙafar kwana biyu ko uku na farko. A sa mata sanyi, watau ƙanƙara a cikin tsumma na kamar minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Mu nan da ba mu da ƙanƙara, tawul da aka tsoma a ruwan randa ya fi babu. A naɗe da bandeji ba tare da matsewa ba, in an kwanta a ɗora ƙafar a kan matashi. Ruwan zafi da murza da ja, waɗanda su ne muka fi ƙwarewa a kai, ƙara kumburi suke yi a kwanakin farko. Bayan zafi ya lafa sai a fara takawa a hankali ana motsa gaɓar. In an yi mako guda ba sauƙi, ko ƙafar ta riƙa gurɗewa a kai a kai, a je a ga likita.

Na san wasu iyayenmu za su ce ina mai ɗori? Ba raina masu ɗori nake yi ba, sana'a ce ta gado, kuma da yawanmu mun ga waɗanda suka warke a hannunsu. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin nama. Abin tsoro kuma shi ne ɗaurin da aka matse da karare har jini ya kasa wucewa. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, lalle a kwance ɗaurin a nufi asibiti, domin naman da jini ya daina kai wa mutuwa yake yi, ƙarshensa a yanke. Ni a ganina a fara ɗaukar hoto tukuna kafin a yanke shawarar komai.

Bari in dawo ɗakin kwananmu, inda ciwon ƙafa ya fi yawa ba tare da kowa ya faɗi ba. Wa bai san ƙaiƙayin nan na tsakanin yatsu ba, wanda fata ke yin fari tana ɗayewa tana wari? Wata ƙwayar cuta ce dangin fumfunar da ke fitowa a kan burodi, kuma ba abin da take so kamar laima da ɗumi. Daɓen wurin wanka, da aron silifa da tawul, da safa ɗaya da ake sawa mako guda a cikin kambas, su ne hanyoyinta. Muna wanke ƙafa sau biyar a yini wajen alwala, wannan tsabta ce babba, laifinmu dai shi ne mu zura safa tun tsakanin yatsu bai bushe ba. Maganinta man shafawa ne na kashe fumfuna, a yi ta shafawa mako biyu zuwa huɗu ko da ƙaiƙayin ya daina. A guji mayukan nan masu sa fata haske, suna kwantar da ƙaiƙayi amma cutar yaɗuwa take yi. In ta ƙi ji, ko ta kama farce, ko wurin ya kumbura yana ruwa, sai asibiti.

Farcen babban yatsa da ke shigewa cikin nama kuwa, yawanci mu ke jawo wa kanmu, da takalmin da ya matse da kuma yanka farce da reza ana ƙwaƙule gefe. A yanke shi a miƙe, kada a bi lungu. In ya fara mugunya kada a tona shi da tsinke. Kaushi da faso na lokacin hunturu ba su da wani haɗari ga mai lafiya, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge da dutse, a shafa man kaɗanya. Amma taka ƙusa ko ƙaya mai zurfi ba abin wasa ba ne. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ba sai ƙusa ta yi tsatsa ba. A wanke da ruwa da sabulu, a je a ranar a duba ko ana bukatar allurar rigakafi. Kakata takan ce mu gode Allah, a zamaninsu kurkunu ne ke kwantar da manoma da damina. Wannan kam ya zama labari, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga Nijeriya.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka akwai waɗanda karatunsu da aikinsu duka a kan ƙafa da idon sawu ne kawai, watau likitocin ƙafa. A nan ba kasafai ake samun irinsu ba. Aikinsu ya rabu tsakanin likitan babban asibiti, da likitan ƙashi, da masu gashin ƙashi. Idan abu ya yi nauyi akan tura mutum asibitocin ƙashi, kamar na Dala a Kano, ko na Igbobi a Legas, ko na Inugu. Saboda haka kada wani ya zauna yana cewa ai ba likitan ƙafa a garinmu. Asibitin da ya fi kusa shi ne ƙofa.

Sauran maganata ga iyayenmu take, musamman masu ciwon sukari. Wannan ciwo in ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a ƙafa, yakan kuma rage jinin da ke isa can. Sai mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Masu sikila ma sukan yi gyambo a kusa da idon sawu mai wuyar warkewa. Ga irin waɗannan bayin Allah, ko bororo ne ko ɗan yanka ko faso, bai kamata ya kwana biyu likita bai gani ba.

Da na koma gida hutu, wata rana ina zuba wa kawuna ruwan alwala, shi kuwa ya daɗe da ciwon sukari, sai na hango wani ɗan rami a ƙarƙashin babban yatsansa, faɗinsa bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na ce, "Kawu, me ya same ka a nan?" Ya leƙa ya ce, "Af, ban ma sani ba. Ƙyale shi, ai ba ya zafi." Na ce, "Kawu, rashin zafin shi ne abin tsoro." Ya yi dariya ya ce yaro ya karye sau ɗaya ya zama likita. Ban iya musu da shi ba, sai na je na gaya wa mahaifiyata, ita kuwa ta tasa ƙanenta gaba har ya yarda.

A asibiti da aka kankare mataccen naman, ashe ramin ya yi zurfi ta ciki. Da aka duba takalminsa sai ga kan wata 'yar ƙusa ya ɓullo daidai wurin, ya yi kwanaki yana taka ta bai ji ba. Wata biyu ya yi yana zuwa wankin ciwo, an hana shi taka wurin, ana kuma daidaita masa sukari. Likita ya gaya masa da ya ƙara jinkiri da sai an cire yatsan. Yanzu ba ya yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ba ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi sai ya taɓa da gwiwar hannu, kuma ba ya sa takalmi sai ya kakkaɓe shi ya shafa cikinsa. Kowane dare bayan sallar isha yakan zauna a bakin tabarma da fitila da ɗan madubin da ya karɓa wurin matarsa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.