Ƙafar da Ba Ta Ji Ita Aka Gasa

Raina ya ɓaci a wannan makon, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata baiwar Allah ce, malamar firamare, ba ta kai shekara arba'in ba. Likitan jijiyoyi ya turo mana ita sashen fisiyo bayan hoton MRI da gwajin ruwan laka sun tabbatar cutar MS ce, wadda garkuwar jiki ke afka wa jijiyoyi. Tafin ƙafarta yana mata ƙuna dare da rana, ko zanin rufa ya gogi ƙafar sai ta yi ƙara, amma in ka soka mata tsinke a dunduniya ba ta sani ba. In ta sunkuyar da kai kuwa, sai wani abu kamar lantarki ya tsarga mata daga wuya zuwa ƙugu. An ɗora ta a kan gabafentin ana ƙara shi sannu a hankali, da amitiriftilin da dare. Mu kuma muka haɗa mata da miƙa gaɓoɓi, na'urar TENS mai rage zafi da ɗan lantarki, tafiya da sanyin safiya, da horon numfashi kafin kwanciya. Zafin bai tafi gaba ɗaya ba, amma tana barci, ta koma aji.

Sai muka daina ganinta. Ranar da ta dawo, a keken marasa lafiya mijinta ya turo ta. Na kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, na tarar da ƙuna daga ƙauri zuwa dunduniya, bororon ya fashe, mugunya tana tsatsafowa. Bayanta duk tsagar ƙaho ce, a jere. Fuskarta ta yi suntum, sukarinta ya hau, kuma duk wanda ya jima a asibiti ya san kamannin wanda aka ɗura wa deksametason a cikin jiƙo.

Ashe wata 'yar uwa ce ta ji tallan wani mai magani. Da aka kai ta, sai ya ce sanyi ne ya shiga jijiya, ƙwayar asibiti ce ke daskarar da shi. Ya sa aka tsayar da magungunanta rana ɗaya. Ya ce a yi sirace cikin bargo safe da yamma, a tsakiyar watan Afrilu, a bi da gashin ruwan zafi, ga jarkar jiƙo ba suna ba bayani. Ƙafafu suka ƙara mutuwa, ido ɗaya ya dishe, barci ya ƙaurace mata, ga zufa da rawar jiki. Da suka koma, sai ya ce ai ciwon ne ke fita. Ya ƙara karɓar kuɗi.

Mijin ya ce da ni, "Likita, wallahi ba ta taɓa cewa ruwan ya yi zafi ba." Na ce, "Malam, da wace fatar za ta ji?"

Tun 1890 likitan ido Bajamushe Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin masu wannan cuta na dishewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gano ɗumamar jiki ce ke jawo hakan. Kafin zuwan MRI har wankan ruwan zafi ake sa mutum don a gano cutar, saboda alamunta kan taso. Abin da likitocin dā suke yi don tono ciwon, shi wani ke sayarwa yau da sunan magani!

Ba na faɗa da kowane taimako na gefe. Ni kaina da shi nake aiki. Motsa jiki mai tsari yana rage gajiya da ƙagewar tsoka. Tausa mai laushi, atisaye cikin ruwa mai sanyi-sanyi, zama da masanin halayyar ɗan Adam kan yadda ake rayuwa da ciwo, addu'a da natsuwa, duk suna sauƙaƙa wa mutane. A gefen maganin likita ake yin su, ba a madadinsa ba.

Kada a gasa fatar da ba ta ji. Ba ruwan zafi, ba dutsen guga, ba sirace, ba sakiya. Kada a yanke gabafentin ko firegabalin kwatsam, yana iya kawo farfaɗiya. In yana sa ki jiri ko barci, ki dawo a gyara adadin. Farasitamol da dikulofenak ba sa taɓuka wa ciwon jijiya abin kirki, kuma yawan dikulofenak ƙoda da ciki yake ci. Tiramadol ɗin kemis, a'a. Masu tallan harbin ƙudan zuma, an gwada shi a Holan kan mutum 26, an fitar da sakamako a 2005, bai hana ciwon tashi ba. A yi hattara da abin da ake kira "mai ƙara garkuwar jiki", domin garkuwar ce ke afka wa jijiyar. Kuma ina sake faɗa: kada a gasa. Mai son sanin zafin ruwa ya gwada da gwiwar hannun mai lafiya.

Duk wanda ya ce zai warkar da MS kwata-kwata, maƙaryaci ne. Zuwa yau babu maganin da ke kawar da ita, sai dai masu rage tashinta da masu sauƙaƙa raɗaɗi.

'Yan uwa, duk abin da aka ba mara lafiyarku, jarka ce ko ƙulli, ku kawo mana mu gani kafin ya sha. Ba za mu yi muku faɗa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.