Muƙamin Babban Jami'in Haja a Kamfanonin Fasaha: Asalinsa, Aikinsa da Sharuɗɗan Ɗaukarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani muƙami da ya yi ƙarfi a kamfanonin fasahar zamani, wanda ake taƙaita sunansa da CPO a Ingilishi. An bibiyi asalinsa, an fayyace aikinsa, sannan an duba abin da ake lura da shi wajen ɗaukar mai riƙe shi. Maƙalar ta gano cewa ginshiƙin muƙamin shi ne ikon yanke hukunci a kan abin da za a ƙera da abin da za a bari, kuma da wannan iko ne ya dace a auna sunansa na Hausa.

1.0 Gabatarwa

Masu fassarar labaran kasuwanci sukan ci karo da sunayen muƙamai waɗanda Hausa ba ta riga ta tsayar musu da suna ba. Idan mai fassara bai san aikin ba, sai ya kira kowa manaja ko darakta, mai karatu kuwa ya kasa bambance wanda ke sayar da abu da wanda ya yanke shawarar a ƙera shi. Saboda haka, sanin aikin muƙami shi ne matakin farko na raɗa masa suna.

2.0 Matsalar Suna

Kalmomi uku ne suke kusa da ma'anar da ake nema. Kalmar "kaya" ta yi faɗi, domin ta ƙunshi tufafi da dakon da aka ɗauka da abin sayarwa. "Samfuri" kuwa ta fi nuni ga ɗan abin da ake nunawa domin a ga irin sauran. Ita "haja" tana nufin abin da aka kai kasuwa domin mai saye, don haka tana ɗauke da tunanin ciniki, kuma za ta iya ɗaukar manhaja kamar yadda take ɗaukar sabulu. Rauninta shi ne ta fi kawo hoton abin da aka gama aka baje, alhali aikin wannan jami'i yana farawa tun abin bai samu ba. Duk da haka, an zaɓi "Babban Jami'in Haja" a wannan maƙala.

3.0 Asalin Muƙamin

Galibi ana danganta tushen wannan aiki da wata takarda da Neil McElroy, ma'aikacin kamfanin Procter & Gamble na Amurka, ya rubuta a 1931. Yana aikin tallar sabulun Camay, wanda ke gogayya da Ivory, wani sabulun na kamfanin. Ya ba da shawarar kowace haja ta sami mutumin da zai ɗauki nauyinta kacokan: ya bi cinikinta, ya gano inda ta yi rauni, ya nemo gyara. Daga baya kamfanonin kwamfuta suka ari tsarin. Da manajojin haja suka yawaita a kamfani guda, sai aka buƙaci wanda zai shugabance su, ya kuma zauna a sahun manyan jami'ai.

4.0 Aikinsa

Babban jami'in fasaha yana kula da yadda za a ƙera abu, na talla kuma yana kula da yadda za a kai shi ga jama'a. Shi babban jami'in haja tambayarsa ita ce: mene ne za a ƙera, domin wa, kuma me ya sa yanzu? Yana tattara bayanai daga masu amfani da hajar, ya jera ayyuka bisa fifiko, ya kuma horar da manajojin da ke ƙarƙashinsa. Mafi nauyin aikinsa shi ne ƙin amincewa. Buƙatu sukan zo daga masu saye da masu zuba jari da injiniyoyi, ga ma'aikata da lokaci ƙayyadaddu, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Kowane aiki da ya zaɓa, akwai wasu da ya ajiye, kuma shi zai amsa tambaya idan zaɓin bai yi riba ba.

Girman muƙamin ya bayyana a inda masu riƙe shi suke ƙarewa. Neal Mohan ya riƙe shi a YouTube daga 2015, ya zama shugaban kamfanin a 2023. Greg Peters ya riƙe shi a Netflix daga 2017, ya zama ɗaya daga shugabannin kamfanin biyu a 2023.

5.0 Sharuɗɗan Ɗauka

Na farko shi ne lokaci. A ƙaramin kamfani, wanda ya kafa shi ne ke yin wannan aiki da kansa. Buƙatar jami'in tana tasowa ne idan hajoji sun yawaita, sassa suna ja-in-ja a kan fifiko, kuma kowace ƙaramar shawara sai ta jira shugaba.

Na biyu shi ne daga ina za a ɗauko shi. Peters ya shiga Netflix a 2008, Chris Cox kuma ya shiga Facebook a 2005 kafin ya sami muƙamin a 2014, wato kowannensu ya yi kimanin shekara tara a cikin gida. Ɗan gida ya san hajar da mutanenta. Baƙo yana zuwa da sabon ido, amma sai ya ɗauki lokaci kafin a yarda da hukuncinsa.

Na uku shi ne abin da ake tambaya a ganawar ɗaukar aiki. Jerin hajojin da mai nema ya fitar bai wadatar ba. Ya kamata a ji wace haja ya taɓa dakatarwa, da wace hujja, kuma yaya ya yi da waɗanda suka ƙi ra'ayinsa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne iyakar iko tsakaninsa da shugaba. A watan Maris na 2019 Cox ya bar Facebook, 'yan kwanaki bayan Mark Zuckerberg ya bayyana sabuwar alƙiblar da za ta fifita saƙonnin sirri, sannan ya komo kan muƙaminsa a watan Yuni na 2020. Wannan ya nuna cewa a kamfanin da wanda ya kafa shi ke jagoranta, alƙiblar ƙarshe tana hannunsa. Idan ba a fayyace tun farko abin da jami'in zai yanke shi kaɗai ba, muƙamin zai zama na je-ka-na-yi-ka.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ɗaukar babban jami'in haja yana nufin shugaba ya miƙa wani ɓangare na ikonsa, kuma kamfanin da bai shirya hakan ba bai shirya ɗaukarsa ba. Ta fuskar harshe, duk sunan da za a tsayar dole ya raba shi da jami'in talla da na fasaha. Ana ba da shawarar masana ƙirƙirar kalmomi su gwada "haja" a kan masu karatu, su ga ko ma'anarta za ta faɗaɗa ta ƙunshi abin da ba a kai ga ƙerawa ba.