Shawara ga Sabon Lauya Mai Neman Aiki daga Suleja

Ƙanena, idan babban ofishin lauyoyi irin su Aluko & Oyebode ko Banwo & Ighodalo ya kira ka ganawa a Abuja, kada sunan jami'arka ya karya maka gwiwa. Duk lauyan Najeriya sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko wani reshenta, kuma jarrabawa ɗaya aka yi muku. Sakamakonka a can shi ne hujjarka ta farko.

Waɗannan ofisoshi cinikinsu da kamfanoni ne. Don haka ka zauna da dokar kamfanoni ta 2020 da dokar man fetur ta 2021 har ka iya bayaninsu da bakinka. In an tambaye ka aikin da ka taɓa yi, kawo shari'a guda da ka bi a kotun Suleja, ko ta gado ce ko rikicin fili, ka faɗi abin da ka rubuta da hannunka. Wannan ya fi dogon surutu nesa ba kusa ba.

Hausarka ma jari ce, ka ambace ta.

Ranar ganawa ka yi sammako, cunkoson Madalla da Zuba ba ya jin uzuri. Allah ya ba da sa'a.