Darasin Wannan Wata: Yini Guda a Birnin Kano

Kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu. Yanzu ne manomi ke samun sarari da 'yan kuɗi a hannu. Darasinmu na wannan wata yana nuna amfanin kai iyali su ga wuraren tarihi, domin gani ya kori ji. A karanta a tsanake, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Dutsen Dala

Wani manomi ya sayar da gyaɗarsa. Ya ware kuɗin mota, ya ce wa matarsa da 'ya'yansu uku su shirya zuwa birni. Uwargida ta dama fura, ta ƙulle dambu a kwano. Bayan sallar asuba suka kama hanya.

Da hantsi suka isa Dutsen Dala. Akwai matakala har zuwa samansa. Suka hau suna hutawa. Daga can suka hango birni ko'ina. Maigida ya ce a gindin dutsen nan mutanen farko suka zauna, suna haƙar tama suna ƙira. Shugabansu da ya fi suna shi ne Barbushe. Bayansu aka yi Bagauda, sarkin Kano na farko, a shekarar 999.

Babbar 'yarsu ta ce, "Baba, ina ganuwar da Kaka ke ba mu labari? Ni ban ga ta kewaye garin ba."

Ya ce, "Bari mu sauka, za ki gani da idonki."

Kurmi da Gidan Makama

Daga Dala suka gangara Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A da fatake kan zo nan da raƙuma daga hamada. Su kawo gishiri da kanwa, su sayi fatu da tufafi. Uwargida ta taya tabarma, yara suka sayi alewa.

Sai suka wuce Gidan Makama, kusa da fadar sarki. Ginin ƙasa ne tun zamanin Rumfa. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Sun ga takubba da masu da sulke. Sun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Ma'aikacin gidan ya yi musu bayani. Ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, tsakanin 1095 da 1134. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ta taimaka wajen tsare birni daga mahara shekaru aru-aru. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano.

Marinar Ƙofar Mata

Bayan azahar suka ci guzurinsu a inuwa, suka nufi Ƙofar Mata. A nan marina take, wadda aka kafa a 1498. Marina kan haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami. Su bar haɗin ya yi kwanaki ya nuna. Sannan su riƙa tsoma zane suna ɗagawa iska ta buge shi, har ya yi shuɗi. Amma ramuka da yawa sun bushe, babu mai aiki a kansu. Yadin kanti mai araha ya rage musu ciniki.

A hanya maigida ya nuna wa 'yarsa ganuwa. Wani wuri tudu ne kawai ya rage. Wani wuri an yi gini a kanta. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu.

Uwargida ta ce, "Malam, in aka ci gaba haka, jikokinmu me za su tarar?"

Wasan Kwaikwayo

Da la'asar suka isa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Ɗan Hausa laƙabin wani Bature ne mai suna Hanns Vischer. Shi ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Akan yi wasannin gargajiya a harabar gidan. Ran nan sun taki sa'a ana wasa.

An fara da rawar koroso. Daga nan 'yan wasa suka fito. Labarin wani mutum ne mai haƙar ƙasar ganuwa da dare yana yin tubali. Maƙwabta suka yi masa faɗa, ya ce ganuwa ba ta da mai ita. Ramin ya yi zurfi ya zama kududdufi. Da damina ta sauka, ruwa ya cika shi ya rushe katangar gidansa. Ya fito da tabarma a ka yana salati. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Auta ya ce, "Inna, ai shi ya jawo wa kansa!"

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tashen da yara ke yi da azumi kwaikwayo ne. Ana dariya, ana kuma gyara hali. Daga baya marubuta irin su Shu'aibu Maƙarfi suka rubuta wasanni a littafi, aka kuma sa su a rediyo.

Abin Lura

Kayan tarihi amana ne. In suka rushe, kuɗi ba ya dawo da su. Ba birni kaɗai ke da su ba. Kowane ƙauye yana da tsohuwar rijiya, ko kufai, ko kuka mai labari. Yaron da ya san labarin wuri ba zai so a ɓata shi ba.

Tambayoyi

1. Wane sarki ne ya fara gina ganuwar Kano?
2. Me ake haɗawa a ramin rini?
3. Waɗanne abubuwa ke cinye ganuwa?
4. Me ya sami mai haƙar ƙasa a cikin wasan?

Aiki

A tambayi dattijo labarin wani tsohon wuri a garinku. A rubuta shi a layi biyar, a karanta wa yara a gida.